Tsohon da Sufeto Ya Gano

Ba kowace unguwa ce Allah ke yi wa baiwar mutum irin Sufeto ba. Mu dai mun dace, kuma muna godiya, ko da yake daga nesa muke yin godiyar. Shekara da shekaru ya yi yana duba makarantu, tun yana zuwa a keke har ya koma zuwa a motar ofis, kuma an ce babu shugaban makarantar da ya taɓa jin ƙarar motar nan bai shiga kame-kame ba. Da lokacin ritaya ya yi, aka karɓe motar, aka karɓe ofis, aka karɓe hatimi. Abu biyu aka manta ba a karɓa ba, jan biro da ƙararrawar tebur. Da su ya dawo mana unguwa, tun daga ranar kuwa muka shiga hannun gwani.

Jan Biro yara suka sa masa, manya suka ɗauka a ɓoye. Mutum ne da ba ya iya ganin kuskure ya wuce, saboda tsabar ƙaunar al'umma. Allon mai aski ya sha gyara har mai askin ya haƙura ya cire shi. Mai gyaran waya ya rubuta tallarsa a bango, Sufeto ya tsaya cikin rana tsaka ya sa masa waƙafi, ya kuma ba shi maki huɗu cikin goma. In ka kai masa katin gayyata, washegari zai dawo maka da shi ja-jawur, amma shi ba zai zo ba, don mutum irinsa ba ya halartar taron da aka gayyace shi da kuskure.

Akwai wani benci a ƙofar shagon tela inda dattawan layinmu ke zama da yamma. Da an hango farar rigar Sufeto ta karyo kwana, sai kowa ya tuna da uzuri. Wannan zai je ɗauko jika, wancan ya bar ruwa a wuta. Tela da ba shi da wurin gudu sai ya hau taka keken ɗinkinsa da ƙarfi, ko da babu ƙyalle a ƙarƙashin allura. Sufeto yana ganin benci ya watse sai ya gyaɗa kai cikin gamsuwa.

"Kwarjini ke nan," in ji shi. "Ba a koyar da shi a jami'a. In babba ya iso, ƙanana su ba da wuri."

Falonsa abin kallo ne. Kujeru jere a jikin bango, kowacce da ledar da aka sayo ta da ita, suna jiran manyan baƙin da har yanzu ba su iso ba. Ga kabad mai gilashi cike da takardun yabo da kofunan shayi na alfarma. Ga madubi an juya fuskarsa bango, wai yana ƙara wa mutum shekaru. Gashin kansa yakan rina shi baƙi ƙirin, kuma kalmar tsoho ba ta shiga gidansa. Shi gogagge ne.

Matarsa ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Ya'ya aiki ya yi nisa da su. Auta ce mai yawan kiran waya, ita ma rabin hirar a gyaran maganarta yake ƙarewa. Da safe kuwa ta kan katanga ana jin sa yana sa-in-sa da mai karanta labarai a rediyo, in mutumin ya yi tuntuɓen harshe ya buga masa ƙararrawa. Zambo muke yi, amma bari a faɗi gaskiya: kaɗaici ya ci mutumin nan har ƙashi. Sai a yi mako guda ba ƙafar da ta taka ƙofar gidansa in ba tasa ba.

Ana nan sai kwalejin da ke ƙarshen titi ta fito da wani shiri. Ana haɗa ɗalibai biyu-biyu, a ba su tsoho ko tsohuwa guda mai zaman kaɗaici. Duk mako su je su yi masa hira, su taya shi 'yan aikace-aikace, su saurari labarin rayuwarsa. A tsakiyar zangon karatu kuma a taru a zauren kwaleji, kowane biyu su ba da labarin tsohonsu a gabansa. Wata Malama ce ke riƙe da shirin, mace mai haƙuri, wadda Allah ya nufa za a gwada haƙurin nata.

Auta ta samu labari, ta kira ta. "Don Allah, Malama, a sa Baba a ciki. A turo yara su riƙa duba shi. Amma a bi shi a hankali, kin san halinsa."

Malama ba ta san halinsa ba, amma ba ta daɗe ba ta sani. Ta kira shi cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, muna da wani shiri na ɗalibai da tsofaffi. Shi ne muke so mu riƙa turo maka yara biyu, maganar dubawa ce..."

"Dakata nan, Malama. Kin zo inda ya dace. Ni mamaki ma nake yadda kuka fara shiri irin wannan ba ku nemi ƙwararre ba. Turo su." Ya kashe waya.

To, kalmar duba, kowa ya sani, fuska biyu gare ta. Akwai duba ta mai jan biro, wadda ake yi wa makaranta da takardar jarrabawa. Akwai kuma duba ta zumunci, wadda ake yi wa majinyaci da tsoho, a tambaye shi ya jiki, ya gida. Sufeto ya ƙare rayuwarsa a cikin ta farko har ya manta akwai ta biyu. A ganinsa, in dai ana maganar duba kuma yana wurin, to shi ke yi, ba a yi masa.

Ranar ziyara ɗalibai suka iso. Saurayi ne dogo da sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, abokansa na ce masa Dogo, da wata yarinya mai tabarau da ido a buɗe, ita kuma Tabarau ake kiran ta. Sun riƙo ledar lemo.

"Sannu da gida, Baba. An turo mu dubawa."

"An turo ku a duba ku. Gyara na farko ke nan. Na biyu, ba Baba ba ne, Sufeto ne. Ku zauna."

Suka zauna a kan leda, tana ƙara duk sa'ad da suka motsa. Sufeto ya goya hannu a baya, ya shiga kai da komo a gabansu.

"Sauraro," in ji shi, "ilimi ne mai zaman kansa, kuma mutanen yanzu ba su iya shi ba. Ni da kuke gani, a duk faɗin ma'aikatarmu babu wanda ya kai ni sauraro, na sha yin dogon jawabi a kan haka. Tun da an ce za ku riƙa zuwa wajen tsofaffi, dole in horar da ku. Ƙa'ida ta ɗaya, kada ka katse tsoho. Tsoho abin tausayi ne, magana ce kaɗai ta rage masa."

Dogo ya buɗe baki zai yi bayani. Ƙararrawa ta yi ƙara. Ya sake buɗewa, Tabarau ta take masa ƙafa, don ita tuni ta gano inda aka kwana. Haka suka sha darasin sauraro har rana ta yi sanyi, shi kaɗai ke magana. Da suka fita ta kira Malama ta kwashe labari ta gaya mata. Malama ta ce, "Ku bar shi a haka. Duba dai duba ce."

A ziyara ta gaba Sufeto ya zo da sabon tsari.

"Karatu ba gwaji aikin banza ne. Tun da babu tsoho a kusa, zan sadaukar da kaina. Ku ɗauka ni wani tsoho ne da ke zaune shi kaɗai, ba mai leƙo shi. Na san abin zai yi muku wuyar ɗauka, amma ku ƙoƙarta. Yi mini tambaya, ke mai tabarau."

Tabarau ta gyara zama. "Baba, yaya aka yi ka haɗu da Mama?"

Ya ɗaga biro zai gyara kalmar Baba, sai ya tuna kwaikwayo ake yi, ya ajiye. Ya fara da muryar jawabi, amma kafin a yi nisa muryar ta sauko da kanta. Ya ba su labarin ranar da aka fara tura shi duba wata makaranta, yana saurayi, cikin fararen kaya, a kan sabon keke. Dab da ƙofar makarantar keken ya kwashe shi ya zuba a kwata. Wata matashiyar malama ta kawo masa ruwa da tawul, fuskarta a ɗaure tamau, ba ta yi dariya ba sai da ya juya baya. Ya ji dariyar. Ya rubuta a rahoto cewa makarantar ba ta da ɗa'a, tana buƙatar a sake duba ta. Ya sake dubawa, ya kuma sake, har shugaban makarantar ya gaji ya ce masa, ranka ya daɗe, mu dai ka gama da mu, gidan su malamar yana bayan asibiti.

Dogo ya yi dariya har ya zamo daga kan leda, kuma ba a buga masa ƙararrawa ba.

"Ita ce mai yi mini tari," in ji Sufeto. "In ina jawabi a taro, tana zaune can baya. Tari ɗaya, wato taƙaita. Tari biyu, wato zauna haka nan. Ban taɓa ƙetare na biyun ba." Ya juya biro a hannu. "Tun da ta tafi ba mai yi mini tari."

Sufeto ya zaro hankici ya share ido, ya fyace hanci, ya miƙe tsaye.

"Kun ga kwaikwayo? Har da hawaye. Aikin ƙwararre ke nan. Tsohon gaske ba zai kawo muku labari a tsare haka ba."

Daga nan gwaji ya zama na kowane mako, don a cewarsa yaran ba su da saurin ɗauka. Ya yi musu kwaikwayon tsoho mai labarin yarinta, da tsoho mai kewar 'ya'yansa, da tsohon da gwiwa ke damu, ya sa Dogo ya canza masa ƙwan fitila don darasi ya cika. Mu kuma a unguwa muka fara ganin canji. An cire ledar kujeru biyu. Mai shago ya ce Sufeto ya fara sayen biskit, kuma ya karɓa bai karanta bayan kwalin ba. Mai karanta labarai a rediyo ya samu sarari. Ranar ziyara tun da sauran lokaci za ka gan shi a bakin taga yana leƙen titi, da ya hango kan Dogo sai ya ruga ya zauna ya buɗe jarida, ya bar su su yi ta ƙwanƙwasa, don kada a ce babba na jiran ƙanana.

Da an bar abin haka da kowa ya huta. Amma hancin mai duba ba ya ritaya. Wata rana yana zuba musu shayi sai ya tsaya cak.

"Wai ku, duk lokacin ziyara a nan kuke ƙare shi. Yaushe kuke zuwa wajen tsohon da aka ba ku?"

Dogo ya kalli Tabarau, Tabarau ta kalli kofi.

"Muna ganinsa, Sufeto."

"Yaya yake?"

"Yana samun sauƙi sosai."

"Yana da surutu?"

"To... ba laifi."

Sufeto bai gamsu ba. Da suka fita ya sa hula ya bi bayansu, yana laɓewa a bayan motoci da farar rigarsa da ake hangowa daga ƙarshen titi. Ya ga sun tsaya sun sayi ruwa, ya ga sun shige ƙofar kwaleji kai tsaye. Mako na gaba ma haka. Ya dawo gida yana huci, rabi ɓacin rai, rabi murnar tsohon mafarauci da ya ga sawu.

Ranar taro zauren kwaleji ya cika. An jera wa tsofaffi kujeru a gaba, kowa da ɗalibansa a gefe. Akwai kujera guda da aka tanadar wa Sufeto a cikinsu, tsakanin wata tsohuwar ungozoma mai nauyin kunne da wani tsohon direba. Ko kallonta bai yi ba. Ya haye kan dandamali ya zauna kusa da Malama, ya ajiye ƙararrawa a kan tebur. Dattawan benci ma sun zo, har da tela, don sun ji ƙishin-ƙishin za a yi abin kallo.

Aka fara. Wasu ɗalibai suka ba da labarin yadda ungozoma ta karɓi haihuwa a bayan motar kaya ana ruwan sama. Wasu suka ba da na direba da ya yi rabin yini yana tafiya kafin ya lura ya bar yaron motarsa a gidan mai. Tsofaffi suna dariya, suna gyara wa yara inda suka yi ƙari, wasu suna share ƙwalla. Da aka kira Dogo da Tabarau, kafin su miƙe Sufeto ya riga su kai hannu ga makirufo.

"Jama'a, ku gafarce ni, aiki ne ya kira. Na duba, na sake dubawa, kuma abin da na gano ba shi da daɗin ji. Yaran nan biyu, tun farkon zango, ba su taɓa taka gidan tsohon da aka ba su ba! Kullum suna gidana, suna cin biskit ɗina, suna kwasar ilimi. Ban ga laifinsu sosai ba, wa zai samu irina ya tafi wajen wani? Amma bawan Allah nan fa? Ina ganinsa a zuciyata. Yana zaune shi kaɗai a falo, yana magana da rediyo. 'Ya'ya sun watse. Maƙwabta na hango shi suna sauya hanya. Mai yiwuwa ma halinsa ne ya ja masa, don irin waɗannan tsofaffi akwai iyayi da son a ce sun sani. Amma duk da haka ɗan Adam ne!"

Malama ta matso. "Ranka ya daɗe, ai tsohon..."

Ƙararrawa ta yi ƙara.

"Ina yake? In yana cikin zauren nan, kada ya ji kunya. Ya ɗaga hannu, haka!"

Aka waiwaya hagu, aka waiwaya dama. Hannu ɗaya ne a sama a duk faɗin zauren, shi ne wanda Sufeto ya ɗaga don nuna yadda ake yi.

Ungozoma ta juya ga tela da muryar da masu nauyin kunne ke ɗauka raɗa ce. "Wai wa yake cigiya?"

"Kansa," in ji tela.

"Kansa? Ai ga shi nan a wuyansa!"

Zaure ya kece. Tsohon direba ya yi dariya har sai da aka bubbuga masa baya. Sufeto ya jira hayaniya ta lafa yana murmushi, don a saninsa jawabi mai kyau haka yake motsa jama'a. Sannan ya juya ga Dogo da Tabarau ya yanke hukunci.

"Daga yau ƙofata a rufe take gare ku. Kada in sake ganin ƙafarku sai kun je kun duba tsohonku. Na gama."

Ya sauka ana ta dariya. Mutum biyu ne ba su yi ba. Dogo ya sunkuyar da kai, Tabarau kuwa ta cire tabaranta tana gogewa da bakin mayafi. Su ne suka san cewa mutumin nan, da bakinsa da ƙararrawarsa, ya kori baƙin da su kaɗai suka rage masa.

Ranar ziyara ta zagayo. Ƙafarsa ta kai shi shago ta sayo biskit kafin kansa ya tuna. Ya fito da kofuna ya jera, ya tsaya yana kallonsu. Ya ɗauko tsohuwar leda zai mayar wa kujerun nan biyu, ya rufe ɗaya, ya kasa rufe ta biyun. Ya kunna rediyo, mai labarai ya yi katoɓara a jimlar farko, Sufeto bai ko kai hannu ga ƙararrawa ba. Ranar kam duk mai zuciya a layinmu ya ji tausayinsa, don ta taga ana ganinsa tsaye, lokaci ya yi har ya gota, titi ba kowa sai mai tura ruwa.

Sai aka ƙwanƙwasa. Kafin a yi ta biyu ya buɗe, ya manta da jarida, ya manta babba ba ya jiran ƙanana. Farantin biskit na hannunsa.

"Ban ce kada ku dawo ba sai kun je wajen tsohonku?"

"Umarninka muka bi, Sufeto," in ji Dogo. "Wajensa muka zo."

Sufeto ya waiwaya bayansa, ko wani ya shigo bai sani ba. Kujeru ne kawai da kabad. A gilashin kabad ɗin, tsakanin takardun yabo, ya ga wani mutum da furfura ta huda rini ta fito, kafaɗunsa sun ranƙwafa, yana riƙe da faranti. Ya daɗe yana duba shi.

Ya juyo, ya gyara murya, ya ɗaga yatsa. "A tsarin aiki, kalmar duba, in aka bi asalinta, tana da rassa waɗanda wajibi ne a bambance. Reshe na farko..."

Tabarau ta yi tari ɗaya.

"...wanda masana suka yi ittifaƙi a kansa, shi ne..."

Ta yi na biyu.

Yatsan ya sauko a hankali. Sufeto ya matsa gefe ya ba su hanya.

"Ku shigo. Shayin zai huce."

"Ya jiki, Baba?"

"Da sauƙi," in ji shi, kuma bai gyara komai ba.

Kada wani ya ɗauka Sufeto ya canza hali, mu ba mu yi irin wannan sa'ar ba. Bayan 'yan kwanaki ya karyo kwana ya ritsa dattawan benci kafin su samu uzuri.

"Na gano shi," ya sanar. "Tsohon nan da aka yi watsi da shi. Bincike ne mai zurfi, ba kowa zai iya ba. Yanzu yaran suna zuwa wajensa a kai a kai, a ƙarƙashin kulawata."

Tela ya tsayar da keke. "Wane ne, ranka ya daɗe?"

"Ba a faɗa, sirrin aiki ne. Mutum ne mai girman kai, in ya ji an sani ba zai ji daɗi ba."

"Allah sarki," in ji tela. "To, Allah ya ƙara masa lafiya."

"Amin, na gode," in ji Sufeto.